Daga Tarjumo Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Tafintocin Yerwa

Yerwa yarinya ce a cikin biranen Arewa. Kano da Katsina sun yi ƙarni bisa ƙarni a cikin ganuwarsu kafin a aza tubalin farko na fadar da ke fuskantar Dandal a yau. A watan Janairun 1907 Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa, wadda Rabeh ya rusa tun 1893 ba ta kuma farfaɗo sosai ba, ya sauka kusa da kogin Ngadda, dab da barikin Turawa na Mafoni da wani tsohon garin kasuwa da ake kira Maiduguri, sunan da ake kiran Yerwa da shi a yau. Waɗanda suka biyo shi da waɗanda suka tarar da shi daga baya ba bakinsu ɗaya ba. Sunayen unguwanni ma sun isa shaida: Shehuri ta mutanen fada, Hausari ta fataken Hausa, Fezzan ta Larabawan da suka ƙetaro Sahara. Ga Larabawan Shuwa da shanunsu, ga Fulani, ga Margi da Babur da mutanen Mandara daga kudu. Can gefe kuma ga Razdan da Turancinsa.

Gari irin wannan ba ya wayewa ya yini babu tafinta. Yau da ake ta zancen ƙirƙirarriyar basira, wasu na hango mutum-mutumi mai hannu da ƙafa yana aiki a masana'anta, amma abin da ya fara isowa Yerwa daga wannan fasaha ba shi da jiki. A cikin waya yake, kuma aikin da ya zo nema shi ne na tafinta, sana'ar da ta girmi garin kansa da ɗaruruwan shekaru.

Sarakunan Sefawa na Borno sun daɗe da sanin cewa maganar sarki ta bakin wani take fita. Ibn Battuta, wanda ya ratsa Takedda a 1353, ya ji labarin Sarkin Borno Idris da ba ya bayyana ga jama'a, sai dai ya yi magana daga bayan labule. A fada ana yin Kanuri, amma duk abin da zai hau takarda da Larabci ake rubuta shi. Wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ a wajajen 1391, yana kukan Larabawan Juzam da ke kama mutanensa suna sayarwa, tana nan har yau domin magatakardan Alƙahira, Alƙalƙashandi, ya kwafe ta a littafinsa. A zamanin Mai Idris Alauma jakadun Borno sun je Santambul, Sarki Murad na Uku ya ba da amsa a 1577. Takardun mahram da ke 'yanta gidajen malamai daga haraji da zuwa yaƙi, da tarihin yaƙe-yaƙen Alauma na Liman Ahmad ɗan Furtu, da muhawarar da Shehu Laminu ya yi da Muhammadu Bello ta wasiƙu, duk Larabci ne. Kowace takarda daga cikinsu sai da wani ya saurari Kanuri ya zuba shi cikin Larabci, in amsa ta dawo ya juyo da ita.

Sai dai gwanintar Borno ta gaske a fagen fassara a tsangaya take, inda almajiran ƙasar Hausa suka yi ta kwarara da sunan tafiya gabas. A can malamai suka raini wani harshe da babu uwar da ke yi wa ɗanta magana da shi, ba a ciniki da shi, ba a faɗa da shi. Sunansa Tarjumo, aikinsa guda ne: fassara Alƙur'ani da littattafan ilimi. Tushensa tsohon Kanembu ne, kuma masana na ganin ya riƙe siffofin harshe na tun zamanin da daular take Kanem, gabashin Tafkin Chadi, kafin ta ƙaura yamma. Yadda yake aiki shi ne abin mamaki. Ba ya sakin Larabci ko da taki ɗaya. Gaɓa-gaɓa yake bin aya, kowace kalma da abokiyarta, kuma ƙananan ɗafe-ɗafen da ke manne wa kalmomin suna nuna wa ɗalibi matsayin kalmar Larabcin a cikin jimla, wace ce mai aikatawa, wace ce aka aikata a kanta. Wanda ya iya Tarjumo yana koyon nahawun Larabci ne a lokacin da yake koyon ma'ana.

Babarbaren kasuwa ba ya gane Tarjumo sosai, kuma malaman sun san haka. Shi ya sa tafsirin gargajiya a Borno yake hawa uku: a ja aya da Larabci, a bi ta da Tarjumo, sannan malam ya warware da Kanurin da kowa ke ji. Ba a shiga wannan fage da ka. Sai mutum ya ɗauka daga bakin malami, wanda shi ma ya ɗauka daga nasa, kuma in ya kauce akwai gwanaye a zaune da za su tare shi nan take.

Duniyar waje ta farga da wannan ne a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da wani masani ɗan Ingila, A. D. H. Bivar, ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin Alƙur'anai na Borno. Ɗaya daga cikinsu na ɗauke da kwanan wata da ya yi daidai da 1669. A tsakanin layukan, da siririn alƙalami, akwai rubutun da ba Larabci ba ne. An shekara kusan hamsin kafin Dmitry Bondarev da abokan aikinsa, daga Landan sannan daga Hamburg, su zauna da malaman Yerwa su tabbatar da cewa abin da ke tsakanin layukan nan kakan Tarjumon da ake ji a azumi ne. Wannan ya sa Kanuri cikin harsunan Afirka ta Yamma mafi daɗewa a rubuce.

A nan akwai abin da ya kamata injiniyoyi su tsaya su duba. A watan Janairun 1954, Jami'ar Georgetown da kamfanin IBM sun nuna wa 'yan jarida a Amurka kwamfutar da ta juya jimloli sittin da 'yan kai daga Rashanci zuwa Turanci, da kalmomi 250 da ƙa'idojin nahawu shida. Aka yi ta alkawarin cewa nan da 'yan shekaru an gama da matsalar fassara. A 1966 wani kwamitin gwamnatin Amurka ya duba ya ce abin bai kai ko'ina ba, kuɗi suka ƙafe. Dabarar kalma-da-kalma da bin ƙa'ida ita ce dai dabarar Tarjumo. Bambancin shi ne malaman Borno ba su taɓa ɗaukar hawa na biyu a matsayin ƙarshen aiki ba.

Hanyar da Kanurin yau da kullum ya bi ya shiga boko kuwa, ta bauta ce. Ali Eisami ɗan malami ne daga ƙasar Gazir, kusa da Birnin Gazargamu. Bayan birnin ya faɗi a 1808 ƙasa ta rikice, aka kama shi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, ta ƙasar Hausa zuwa ƙasar Yarbawa, har bakin teku. Jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin bayin da yake ciki, aka sauke shi a Saliyo a 1818. Ya yi kimanin shekara talatin a can kafin wani ɗan mishan Bajamushe, Sigismund Koelle, ya same shi. Suka yi shekaru suna zama: tsoho yana faɗa, saurayi yana rubutawa. Tatsuniyoyi, karin magana, labarin yaƙe-yaƙe, labarin fari da annoba, har da labarin yadda aka sayar da shi kansa. A 1854 Koelle ya buga nahawun Kanuri da wani kundi na waɗannan labarai, Kanurin a gefe, fassararsa ta Turanci a gefe. Sunan Koelle ne a bango. Ya dai yi adalcin ambaton tsohon a ciki, abin da da yawa daga waɗanda suka biyo bayansa ba su yi ba.

Hausa ma ta ci moriyar Kukawa ta wannan hanya. A can aka 'yanta yara biyu, Dorugu Bahaushe daga yankin Damagaram da Abbega ɗan Margi, waɗanda suka bi Heinrich Barth har Turai a 1855. Dorugu ya zauna da J. F. Schön a Ingila yana ba shi labarai, kuma daga bakinsa aka samo kaso mai yawa na littafin Magana Hausa na 1885. Ya rasu a Kano a 1912.

Da Turawa suka kafa mulki, tafinta ya tashi daga mai hidima ya zama mai iko. Jami'ansu Hausa aka fi tilasta musu koya, ita ce harshen soja da ɗan sanda da masinja. Talakan Borno kuwa Kanuri yake ji ko Larabcin Shuwa. Don haka ƙara kan bi ta baki biyu kafin ta kai kunnen Di'o, daga Kanuri zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Turanci, hukunci kuma ya dawo ta wannan hanya. Wanda ke tsakiya yana iya ƙara gishiri, yana iya ragewa, kuma babu gwanin da ke zaune zai tare shi. Ba banza ba mutanen Arewa suka riƙa tsoron masinjan Bature kusan kamar Baturen. Wasu jami'an sun yi ƙoƙarin tsallake shingen. P. A. Benton ya buga littafin karatun Kanuri a 1911. H. R. Palmer, Razdan na Borno daga 1917, ya tara mahram da jerin sunayen sarakuna ya fitar da su da Turanci, da taimakon malaman da yawancinsu ba a san sunayensu ba yau. Johannes Lukas ya fitar da nahawunsa a 1937, kuma Kanurin Yerwa ya ɗauka ya yi aiki a kai.

Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Kanuri da boko ba ta samu ba sai 1975, lokacin da Hukumar Harshen Kanuri a Maiduguri ta amince da tsarin da aka yi tare da masana daga cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Kano, cikinsu har da Norbert Cyffer da John Hutchison, waɗanda suka fitar da ƙamus a 1990. A wannan shekara ta 1975 aka kafa Jami'ar Maiduguri, inda Kanuri ya zama fannin da ake karanta har digiri. Amma kafin nan ruwa ya riga ya canza hanya. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, baƙi suka cika shi, Hausa ta zama harshen tasha da kasuwa da filin ƙwallo. Hausa tana da Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, tana da BBC tun 1957, daga baya ga littattafan Kano da finafinai. Jaridar lardin Borno ta shekarun 1950, Albishir, ba ta yi tsawon rai ba. Kanuri ya ci gaba da rayuwa a gida da fada da tsangaya da rediyo, wato a baki, ba a takarda ba. A lokacin babu wanda ya ga hatsarin haka.

Rikicin da ya ɓarke a Yulin 2009 ya mayar da tafinta mutumin da ake nema ruwa a jallo. Ɗaruruwan dubban mutane suka kwararo cikin Yerwa daga Bama, Gwoza, Dikwa, Monguno, Marte, Damboa. Ƙungiyoyin agaji suka biyo su da Turanci, suka ɗauki ma'aikata masu Hausa, suka ɗauka an gama. A 2017 ƙungiyar Translators without Borders ta gwada mutum 951 a wurare biyar na Maiduguri. Kashi 23 cikin ɗari ne kawai suka iya amsa tambaya mai sauƙi a kan gajeren rubutu na Hausa ko Kanuri. Da aka haɗa rubutun da zane, adadin ya hau zuwa kashi 37. Waɗanda aka fi bari a baya su ne matan da ba su yi makaranta ba kuma harshensu na gida ba Hausa ba ne ba Kanuri ba. Saƙon murya ya fi takarda isa nesa ba kusa ba, abin da masu gidan rediyon Dandal Kura, da suka fara watsa shirye-shirye da Kanuri da Hausa a 2015, suka riga suka gane. Translators without Borders ta buɗe aiki a garin, ta horar da masu fassara, ta tsara jerin kalmomin lafiya da kariya a harsuna tara, har da Margi, Babur-Bura, Kibaku, Mandara da Waha. A lokacin annobar korona ta fito da wata manhajar hira mai suna Shehu, wadda ke amsa tambayoyin mutane da Hausa da Kanuri da Turanci. A nan na'ura ta zauna a kujerar tafinta a Borno.

Na'urar yau ba irin ta 1954 ba ce. Ba a ba ta ƙa'idojin nahawu. Jimloli ake zuba mata bibbiyu, wannan da harshe kaza, ga takwararta da harshe kaza, miliyoyinsu, ita kuma ta yi ta lissafin abin da ya saba biyo bayan wani abu har ta iya kintata jimlar da ba ta taɓa gani ba. Google ya sabunta wannan hanya a 2016, kuma a 2017 masu bincikensa suka fito da tsarin da aka gina ChatGPT a kansa, wanda ya bayyana a Nuwamban 2022. Faransanci da Turanci sun samu abincinsu a sauƙaƙe daga takardun majalisar Kanada da na Tarayyar Turai da na Majalisar Ɗinkin Duniya. Hausa ta shiga Google Translate a ƙarshen 2013, albarkacin abin da ta tara a rubuce. Kanuri sai da ya jira. A Yulin 2022 kamfanin Meta ya saki wani tsari na harsuna 200 da ya sa Kanuri a ciki har sau biyu, da boko da ajami. A Yunin 2024 Google ya ƙara harsuna 110 a tashi ɗaya, Kanuri da Fulatanci da Tibi suna ciki.

Shiga jeri daban, iya aiki daban. Kanuri ba ɗan'uwan Hausa ba ne, danginsa su ne Kanembu da harsunan Tubawa da Zagawa. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kuma kalma ɗaya kan haɗiye mai aiki da wanda aka yi wa da lokaci da korewa, ta yadda aikatau guda zai fito da siffofi barkatai da na'ura ke buƙatar ganin kowace sau da yawa. Harshe ne mai karin sauti, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna karin. Akwai wasalin da ake rubutawa da juyayyen harafi, wanda yawancin wayoyi ba su da shi, kowa sai ya maye gurbinsa da abin da ya ga dama. Kanurin Yerwa daban da na Mangawan Diffa da Damagaram, kuma Nijar tana da nata tsarin rubutu. Sannan yawancin jimlolin da ake koyar da na'ura da Turanci aka haɗa su, don haka tsakanin Kanuri da Hausa, harsunan da suka shekara ɗaruruwa suna maƙwabtaka suna aron kalmomin juna, sau da yawa Turanci ne gada. Tsohuwar sarƙar ofishin Di'o ce ta dawo, an dai sauya wa mahaɗanta wuri.

Babban aibin na'urar shi ne ba ta in-ina. Tafinta ɗan'adam in ya rasa kalma zai tsaya, zai tambaya, fuskarsa za ta nuna. Ita kuwa da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure, cikin jimla mai santsi, kuma wanda ya fi buƙatarta shi ne wanda ba shi da halin gane ta ɓata. A sanarwar biki wannan abin dariya ne. A adadin maganin yaro, ko a gargaɗin ambaliya irin wadda ta shafe rabin gari bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024, ba abin dariya ba ne. Masu aikin agaji da suka san abin da suke yi suna barin na'ura ta yi zubin farko, mutum ya bi ya gyara, wato sun koma hawa uku ba tare da sun san sunansa ba.

Kuma duk jimlar Kanurin da na'ura ta koya, wani ne ya zauna ya fassara ta. Ɗalibai ne da malaman jami'a da ma'aikatan rediyo da matasan da suka koyi aikin a sansanonin gudun hijira. Aikin Ali Eisami suke yi, jimla a gefe, Turancinta a gefe, kuma kamar yadda aka saba, sunan kamfani ne a bango. Yanzu an koma tara murya, domin darasin 2017 bai canza ba: CLEAR Global, sunan da uwar ƙungiyar masu fassarar nan ta koma amsawa, tana ɗaukar muryoyin masu Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa don a koya wa na'ura ji da magana. Ƙungiyoyin masu bincike na Afirka irin su Masakhane da HausaNLP sun dage cewa masu harshe su riƙa jan ragamar irin wannan aiki, a kuma rubuta sunayensu. Gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a 2020, amma tsarin harshe na ƙasa da ta ƙaddamar a 2025, N-ATLAS, da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Najeriya ya fara. Margi da Babur-Bura kuwa, ko a jerin Google na 2024 babu su.

Tsofaffin Alƙur'anan nan ma suna jiran nasu ma'aikatan. Hotunansu suna ajiye a taskar intanet ta makarantar SOAS da ke Landan, kowa na iya buɗewa. Amma na'urar da ta koyi karatu daga Larabcin ɗab'i ba ta saba da kaurin alƙalamin Barnawi ba, balle ƙananan rubutun da ke kwance da tsaye a tsakanin layuka. Kafin a koya mata, sai an samu waɗanda za su kwafe dubban layuka da hannu, harafi-harafi, su faɗi wanne ne Larabci wanne ne tsohon Kanembu. Masu iya wannan ba su da yawa, kuma mafi yawansu a zaurukan Yerwa suke koyarwa, ba a jami'a ba.